Gatarin Baba da Ɗorawar Inna

Har yau gatarin Baba yana rataye a zauren gidana. Ƙota kam na sake masa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma ƙarfen shi ne dai wanda maƙerin garinmu ya ƙera tun ban san dama da hagu ba. Yawan washi ya cinye bakinsa, ya koma kusan rabin yadda na tashi na gan shi. Da shi aka ciyar da mu. Da shi kuma na yi wata ɓarna wadda har gobe in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, ita ce ma dalilin wannan rubutu.

An haife ni a 1972, a wani ɗan ƙauye a ƙasar Tudun Wada ta jihar Kano, ba nisa da bakin dajin Falgore. Da damina noma muke yi kamar kowa. In an kai amfanin gona gida, hunturu ya fara busawa, sai Baba ya sauko da gatari. Jakai biyu gare shi. A yo itace, a faskara, a ɗaure ɗauri-ɗauri, a jera a bakin titin da ya tashi daga Kano ya nufi Jos, masu motoci su tsaya su saya. Cikin gandun dajin kansa ba ma shiga, don tun zamanin Turawa aka keɓe shi, kuma Baba mutum ne da ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma. A saurukan da ke kewaye da gefen gonaki muke aikinmu, lokacin kuwa akwai wadatar itatuwa.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kama sunana. "Kai" ne, ko "yaron nan". Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ina da shekara goma na fara bin Baba daji, amma sai da na shekara biyu cur ban riƙe gatari ba. Igiya da gorar ruwa ne kayana. Aikina kallo da amsa tambaya. In muka zo gindin itace sai ya tsaya ya dafa shi, ya ce, "Wane ne wannan?" Bai taɓa cewa "mene ne" ba. In na duba sama ina neman ganye sai ya girgiza kai, ya ce da rani wa zai ba ka ganye? Duba ɓawo. Wani lokaci ya sa in rufe ido, ya sassaƙo ɗan ɓawo ya kai mini hanci, ko ya ce in ɗanɗana. Maɗaci ba ya ɓuya, harshenka zai gaya maka. Maje da ƙamshin ƙaronsa ake gane shi. Kaɗanya ɓawonta kamar bayan kada ne, tsage-tsage gida-gida, in ka sare shi cikinsa ja ne, farin ruwa mai danƙo ya biyo baya. Bagaruwa baƙa ce mai kaushi, 'ya'yanta kamar an jera carbi. Aduwa ƙayarta doguwa ce kuma kore, ganyenta bibbiyu.

Marke shi ne sarkin itacen girki a wajen Baba, ni ma har yau ban ga wanda ya ture shi ba. Daga nesa za ka gane shi da ƙananan ganye da rassa masu sunkuyowa, jikinsa toka-toka, ɓawon yana ɓanɓarewa faci-faci. In ya bushe ka sa shi a murhu, ba ya gaggawa kuma ba ya cika ɗaki da hayaƙi. A hankali yake ci, wutar ta tsaya a gindin tukunya, garwashinsa ya daɗe. Inna takan rufe garwashin marke da toka bayan tuwon dare, da asuba ta tone ta hura, sai ga wuta, ba ta nemi ashana ba, ba ta aika gidan maƙwabta ɗebo wuta ba. Ƙirya kuwa ta fi shi tauri. Zuciyarta ja ce mai duhu, gara ba ta iya mata, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita, kuma gawayinta maƙera ke nema don shi ke sa ƙarfe ya yi ja har ya yi laushi. In za ka sari busasshiyar ƙirya, to ka wasa gatari da safe ka kuma tafi da dutsen washi, domin kafin azahar bakin ya dakushe. Taura tana da saurin kama wuta ko da ta ɗan sha raɓa, saboda haka da damina mata na sonta. Sabara da geza da kalgo, waɗannan na ƙirare ne da girkin sauri, su ne mata da yara ke yowa a kai.

Akwai waɗanda sare su wahalar banza ce. Kuka duk girmanta cikinta kamar soso yake, ruwa ne da zare, gatari ma nutsewa yake yi ya maƙale. Dashi ba shi da nauyi, kafin ka juya ya zama toka. Tumfafiya kuwa Baba ya hana ni ko kusantarta da adda, saboda farin ruwanta in ya fantsama a ido masifa ce.

Sai kuma rukuni na uku, wanda a kansa ne kawai na taɓa ganin ran Baba ya ɓaci: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kanya, ɗinya, gawo. Yakan ce waɗannan masu ciyarwa ne, ba a ɗaga wa mai ciyar da kai gatari. In reshe ya mutu da kansa, ɗauka halal. In iska ta kayar, to Allah ne ya ba ka. Amma a tsaye, da ranta, a'a. Gawo ma yana da nasa matsayi daban. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke tohowa, ya kuma yi kore shar da rani. Don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, dabbobi su taru a inuwarsa da rani suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na ko'ina a gona tsayi da kauri.

A gonarmu ta bayan gari akwai wata ɗorawa, babba, mutum biyu ba sa kewaye ta da hannu. Gonar ta Baba ce amma ɗorawar ta Inna ce, kowa ya san haka. In bazara ta yi, 'ya'yan sun nuna, mukan kwana biyu muna kaɗowa. Garin a sha, kalwar a wanke a shanya, ɓawon a jiƙa a yi makuba ta shafen ɗaki da daɓe. Kalwar nan Inna ke dafawa ta yi daddawa ta kai kasuwa. A 1984, shekarar da ruwa ya ɗauke, hatsi ya ƙone a tsaye, mutanen arewa da mu suka riƙa gangarowa da dabbobinsu da 'ya'yansu, na ga ranar wannan itaciya da idona. Akwai kwanakin da ba a ɗora tukunya da rana a gidanmu ba. Garin ɗorawar da Inna ta ajiye a tulu shi take damawa da ruwa, ta ba mu a ƙoƙo, ni da ƙannena, mu sha mu kwanta. Ina shekara goma sha biyu. Ba wanda zai ce ban sani ba.

A wannan shekarar ce Baba ya ba ni gatari. Abu na farko da ya koya mini ba sara ba ne, tsayuwa ce. Kafin ka taɓa itace, ka kewaye shi. Ina ya karkata? Wane gefe rassa suka fi nauyi? Daga ina iska ke busowa? Akwai mataccen reshe a sama da girgiza za ta iya sakowa a kanka? Sannan ka share hanyar gudunka, ka cire ƙaya da duk abin da zai harɗe ka. Sai ka buɗe masa baki ta gefen da kake so ya faɗi, sara ɗaya daga sama, ɗaya daga ƙasa, har ka ci kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Ka koma ta ƙeya, ka sara sama kaɗan da wancan bakin. Ba a haɗe saran biyu, ana barin ɗan tsakani wanda zai riƙe itacen ya kwantar da shi inda aka nufa. In ka ji ya fara ƙara, kada ka tsaya kallo, kada kuma ka tsaya a bayansa daidai, don gindin yakan yi harbi kamar jaki. Ka ja gefe.

Ya kuma hana ni sara dab da ƙasa ko barin kan kututture a kwance kamar faifai. Sai dai a karkace, don ruwan sama ya zurare kada ya kwanta ya ruɓar da shi. Lokacin ban damu da dalili ba. A ganina in itace ya faɗi magana ta ƙare.

Faskare kuma wani karatu ne. Mai ƙarfi da yawa ya gaji a kan gungumen da tsoho zai raba da sara uku. Baba yakan tayar da gungume ya duba fuskarsa, inda ƙananan tsagogi suka tashi daga tsakiya suka nufi gefe, ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nemi tsagar." Nan za ka sa bakin gatari. In gungumen babba ne ba a fara masa ta tsakiya, ana ɓanɓarar gefe-gefe ne har ya rage. Ƙulli, wato inda reshe ya taɓa fita, kewaye shi ake yi, don a nan jijiyar itace ta murɗe. Ƙafafu a buɗe, yadda in gatari ya kuɓuce zai sauka a ƙasa tsakaninsu. Nauyin ƙarfen ne ke aiki, kai dai ka nuna masa hanya. Yawancin itatuwa sun fi saurin tsagewa suna ɗanyu, kuma faskararre ya fi gungume saurin bushewa, shi ya sa muke faskarawa da wuri mu jera a kan duwatsu, kada ya taɓa ƙasa gara ta samu. In kana son sanin ya bushe, ɗauki biyu ka gwara. Busasshe ƙara yake yi ƙwal, ɗanye kuwa dif. Ɗanye in ka sa a wuta za ka ga yana kumfa ta ɗaya bakin yana tsuwa, hayaƙi ya cika gida, mai girki tana hawaye. Baba ya ce duk wanda ya cusa ɗanye a tsakiyar ɗauri ya rufe da busasshe, hawayen matar nan yana wuyansa.

Baba ya rasu a 1995, bayan jinyar da ta cinye jakan nan biyu ta kuma bar mana bashi. Nauyin gida ya dawo kaina. Shekara biyu ina fama, ga bashi, ga maganar aurena da aka sa rana, ga itacen kusa ya ja baya, sai ka yi tafiyar rabin yini kafin ka ga marke mai kauri. Ana nan sai wani mai babbar mota da ke kai wa gidajen burodi itace ya zo garinmu. Shi ba ruwansa da suna, kauri yake nema. Ya ga ɗorawar Inna daga hanya, ya yi mata kuɗi. Kuɗin ya kai ya biya bashin har ya rage na kayan aure.

Na kwana uku ina juya maganar. Na ce wa kaina itaciyar ta tsufa, 'ya'yanta sun ragu. Ba gaskiya ba ne, ni ma na sani. Na ce in na gaya wa Inna za ta hana, in kuma aikin gama ya gama za ta haƙura. Na jira ranar da ta tafi suna wani ƙauye za ta kwana, na kira abokaina biyu. Tun da asuba muka fara. Na kewaye ta, na duba karkatarta, na share hanya, na buɗe baki, duk yadda Baba ya koya mini, da gatarinsa. Lokacin tana cikin fure, jajayen ƙwallayen nan suna reto a kanmu, ƙudan zuma na ta kai da kawowa. Wajen la'asar ta yi ƙara ta kwanta. Ƙurar da ta tashi sai da ta rufe mu. Da ta lafa sai na ga sarari a inda ban taɓa ganin sarari ba tun da aka haife ni, rana ta sauko kai tsaye a kan gonar.

Washegari Inna ta dawo. Ba ta shiga gida ba, don tun a hanya aka gaya mata. Ta zo ta same mu muna datsa rassa. Ta tsaya a gaban kututturen, ta daɗe, ta sunkuya ta ɗauki fure ɗaya daga ƙasa ta riƙe. Sannan ta ɗago ta kira sunana. Sunana na yanka, wanda tun da ta haife ni ba ta taɓa furtawa ba. Ta ce, "Da me ka sha a shekarar fari?" Ba ta ƙara komai ba, ta juya. Na fi son a ce ta ɗauki reshe ta dake ni a gaban abokaina.

Abin da ya ƙara mini ciwo, ni mai itace ne, na san itacen ɗorawa ba wani abin kirki ba ne a wuta. Ba shi da nauyin marke, ba ya riƙe garwashi. Abin da ya shekara fiye da shekarun Baba yana ciyar da gida, murhun burodi zai lashe shi cikin 'yan kwanaki. An yi auren, an biya bashin. Daga shekarar Inna ta koma sayen kalwa da mudu a kasuwa, ribar daddawar ta zama ba ta taka kara ta karya ba, daga baya ta bari gaba ɗaya. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuwa zaman garin ya gagare ni. Bayan kaka na ɗauki gatari na tafi Kano.

Shekara tara na yi ina faskare a birni. Gatari a kafaɗa, guduma da guntun ƙarfen tsaga da maƙera ke yi da tsohon ƙarfen mota a cikin buhu, ina bin lungu-lungu ina kiran faskare. Na yi wa masu tuwo-tuwo, na yi wa masu tsire, na yi wa gidajen biki. Mafi yawan aikina a gidajen da aka yi haihuwa ne, don wankan jego na kwana arba'in, safe da yamma, ba ƙaramin itace yake ci ba. Maigida zai sayo gumagumai a jibge a ƙofar gida, ni kuma in mayar da su abin da zai shiga murhu. Wasu su ba ka abinci da ruwa su yi maka sannu, wasu ko kallonka ba sa yi. In raina ya sosu sai in tuna hadisin da Baba ke yawan faɗa, cewa mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace a bayansa ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane, su ba shi ko su hana shi.

Wani abu da na lura da shi a yawon nan shi ne sunayen unguwanni. Kurna, Ɗorayi, Tsamiyar Boka, Durumin Iya, Rimin Kebe, ga Kasuwar Rimi. Duk itatuwa ne. Mutanen da suka sa waɗannan sunaye da itace suke kwatance. Ranar da aiki ya fara kai ni Ɗorayi na yi ta ɗaga kai ina dubawa, gini ne ko'ina. Yaran gidan da na yi wa aiki na tambaye su ko sun san daga ina daddawa take fitowa, suka ce daga kasuwa.

A shekara ta shida na ji ciwo. Gungumen tsamiya ne, wanda duk mai faskare ya san jijiyarsa a sarƙe take. Magariba ta gabato, ina so in gama in karɓi kuɗina, sai na sara a kan ƙulli, ƙafata ta hagu kuma na matso da ita gaba. Gatari ya zame ya sauka a bayan ƙafar. Ban ji zafi nan take ba, sai da na ga takalmin robana ya rabe biyu jini na bulbulowa. Allah ya saka wa matasan unguwar da alheri, su suka ɗaure ƙafar suka kai ni asibiti aka ɗinke. Wata uku ban ɗaga gatari ba, har yau kuma in sanyi ya yi sai ta motsa.

A wannan zaman jinya ne Allah ya haɗa ni da abin da ya sauya mini hanya. A shagon da muke kwana akwai wani dattijo ɗan ci-rani daga ƙasar Maraɗi, shi ma faskare yake yi. Shi ya riƙa kawo mini koko da ƙosai, yana wanke mini ciwon. Wata rana da dare na ba shi labarin ɗorawar, wanda ban taɓa ba kowa ba a Kano. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Samari, kututturen yana nan?" Na ce yana nan, amma ya mutu. Ya ce, "Wannan mai yiwuwa ya mutu, tsohuwa ce. Sauran kututturan gonar fa?"

Ya ce a wajensu an kai lokacin da gonaki suka zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, sai an yi shuka sau biyu sau uku, mata na girki da kara da kashin shanu. Kowa in zai yi sharar gona sai ya sassabe duk wani toho ya ƙone, don a ganinsu gonar kirki ita ce wadda ba ko tsinke. Ashe waɗannan 'yan tohon da suke ɗauka ciyayi ne, icce ne, kamar yadda suke faɗa, manyan itatuwan da aka sare tun tuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara abin da suke kira sassaben zamani. Ka je kan kututture, ka zaɓi toho mafi ƙarfi da miƙewa, kamar uku zuwa biyar, ka cire sauran, ka rage musu ƙananan rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Tunda saiwar babba ce, girman da za su yi a shekara biyu dashe ba zai yi shi a shekara biyar ba. Kowace shekara ka sare ɗaya ka yi girki, ka bar wani sabo ya maye gurbinsa. Daga baya na ji a rediyo cewa wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya fara yaɗa wannan dabara a yankin Maraɗi a 1983, kuma an ƙiyasta ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Amma ni a bakin dattijon nan na fara ji, ina kwance ƙafa a naɗe. Nan take na tuna saran Baba na karkace, da karin maganar da kowa ya sani, sara da sassaƙa ba ya hana gamji toho. Ashe abin da yake kiyayewa ke nan.

Na koma gida a 2006. Na bi gonar kututture-kututture. Na sami kalgo, na sami sabara, na sami marke biyu da ƙirya ɗaya, duk suna fitar da toho ana sassabewa kowace shekara, da hannuna ma na sha yi. Na zaɓa na gyara. Maƙwabta suka ce tsuntsaye zan tara musu. A iyakar gonar na dasa darbejiya, don ita ko ka sare ta sau nawa tohowa take yi, itacenta kuma ba laifi a murhu in ya bushe sosai. Kututturen ɗorawar kam gara ta gama da shi. Na sayi kalwa, na zaɓi masu ƙiba, na jiƙa su a ruwan zafi suka kwana don ɓawonsu ya yi laushi, na shuka a gefen inda tsohuwar take. Guda bakwai suka fito, biyu suka rayu.

Da suka kai tsayin gwiwa na je na durƙusa a gaban Inna, na ce, "Inna, ina so ki zo gona ki ga wani abu." Ta yafa mayafi ta biyo ni. Ta tsaya ta dube su, ta shafa ganyen da bayan hannu. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe maka tun ba yau ba. Kai dai ka kewaye su da ƙaya, akuya ba ta san na wane ne ba." Tun daga ranar, duk rani, da kanta take ɗaukar ɗan tulu ta kai musu ruwa, ko na hana ba ta ji. Allah ya yi mata rasuwa a 2012, ba su fara 'ya'ya ba. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsu.

Yanzu ina da 'yar rumfar sayar da itace a bakin titi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya tashi, gas da kananzir suka fi ƙarfin mutane da yawa, gidajen da suka daɗe da barin murhu suka dawo. Ciniki ya ƙaru, amma ba na murna, don ina ganin abin da motoci ke wucewa da shi. Injin zarto yana kayar da abin da zai ɗauke ni yini guda kafin ka gama shan shayi, kuma yaron da ke riƙe da shi ba wanda ya taɓa tsayar da shi a gindin itace ya tambaye shi wane ne wannan. Ina hango ɓawon kaɗanya a cikin lodi, ina gane ta ko an ƙone ta ta zama gawayi. Madobiya ma haka aka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017. Matar da ke neman abin da za ta dafa wa 'ya'yanta tuwo ba na ganin laifinta ko kaɗan. Wanda nake jin haushi shi ne mai kuɗin da ke aika inji daji bai taɓa dasa ko zogale ba. Ni dai a rumfata ba na sayen ɗanyar ɗorawa ko kaɗanya ko gawo, ko da a rabin kuɗi aka kawo. Na san in na ƙi, na gaba da ni zai saya. Duk da haka ba zan saya ba.

Ɗorawar farko ta yi 'ya'ya a 2016. Ba su da yawa, kalwar ba ta wuce mudu biyu ba. Na kai wa ƙanwata, wadda ta gaji hannun Inna a daddawa. Kalwa wuta take ci, sai ta yini ta kwana a kan murhu kafin ta yi laushi, saboda haka na sauko da gatarin Baba na faskara mata marke, daga tohon kututturen da na gyara shekara goma da suka wuce. Ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando kwana uku. Ranar da ta buɗe, warin ya cika gidan, sai ta zauna a bakin murhu ta rufe fuska da gefen zane. Muka yi tuwon dawa da miyar kuka, aka zuba a kwanuka, yara suka kai wa almajirai da maƙwabta sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Inna.

Bana duka biyun sun yi fure sosai. Jiya na je da ƙaramin ɗana, ɗan shekara tara, shi ke riƙe da igiya da gorar ruwa. A hanya na tsayar da shi a gindin wani itace da ya zubar da ganye, na ce ya rufe ido, na sassaƙo ɓawo na kai masa hanci. Ya ce maje. Na ce ya sake shinshinawa.